Notin Mai Tari

Litinin, 12 ga Mayu, 1997. Aikin farko: wasiƙar Yaya Célestin. A kwafe ta a nan kafin a rufe ambulan.

Baham, 12 ga Mayu, 1997

Yaya Célestin,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya aiki, yaya Liège? Mu nan lafiya lau, sai matata Odile da ke fama da ƙafa tun farkon damina. Gwaggo Djuidje ta aiko da saƙo daga Nkongsamba. Idon dai ya tafi gaba ɗaya, amma bakin yana nan yadda ka san shi.

Dangi sun zauna ranar Asabar, an sa ranar babban makokin Baba Deffo: 14 ga Fabrairu mai zuwa. Shekara biyu ke nan da muka binne shi, mutane sun fara tambaya. Na san takardu ne suka hana ka zuwa jana'iza. Haka nake gaya wa kowa.

Ka san ranar makoki ba mai ɗaga bindiga a fili sai magaji ya fara harba ta gidan. Ka kuma san wanda Baba ya ambata magaji. Ban roƙa ba, Yaya. Ni ɗan ƙanensa ne da ya riƙa tun ina shekara huɗu, kai ne ɗan cikinsa. Na faɗi haka a gaban dattawa, suka ce in zauna a kujerar in yi shiru.

Ranar Laraba na sauko da Mai Tari, bindigar gidan, daga saman rufi don in duba ta. Da na ɗana kunama sai na ji ƙas a ciki, kunamar ta faɗi ba ƙarfi. Na kwance gidan kunamar gaba ɗaya, wato farantin ƙarfen nan na gefe da duk abin da ke jikinsa, na tarar babban sifirin ya karye gida biyu. Na yi ta tunani ko ni ne na ja da ƙarfi. Ban sani ba. Tamo maƙeri ya ƙera mini guda biyu daga sifirin mota. Na farko ya karye a hannunsa, na biyu ya yi laushi, dutsen ƙanƙarar da ke bakin kunama ko tartsatsi ba ya tayarwa.

Shekara ashirin kana gyara tsofaffin bindigogi wa masu tara su. Idan akwai sifirin irin wannan a shagonku, ka taimaka. Na auna shi sau uku, na zana shi a bayan takardar nan. Idan zanen bai yi kyau ba ka yi haƙuri.

Ƙanenka,
Barnabé Noumsi

Liège, 8 ga Yuni, 1997

Baba Magaji,

Haka aka ce in riƙa kiranka yanzu, ko? Ni da na koya maka ɗaura igiyar takalmi. To, Baba, ina gaisuwa. Muna lafiya, ka yi wa Odile sannu.

Na ga zanenka. Ka ce in aiko da sifirin kamar mai aiken batir. Waɗannan bindigogi da hannu aka yi su, ɗaya bayan ɗaya, a ƙauyukan da ke bayan garin nan. Mai ƙira zai zauna da magagari ya ci ƙarfe har sai wannan ya zauna da wancan. Notin wata ba ya shiga ramin wata ko da rana ɗaya aka gama su a benci ɗaya. Maigidana, tsoho Warnotte, yana da durowa arba'in cike da sifirin iri-iri, kuma na rantse ba ko ɗaya da zai zauna sai an gwada shi a jikin abin. Saboda haka ka aiko da gidan kunamar dukansa, har da ɓarayen da suka karye.

Kafin nan ka duba mini abu uku. Ka duba gindin bututun ko akwai haruffa E, L, G a cikin da'ira mai kamar ƙwai. Idan akwai, a nan garin aka gwada ta. Ka juya ƙananan ƙarafan ciki ka ga ko mai ƙirar ya yi musu 'yan yanka da magagari, haka suke yi don kada kayan wata su gauraya da na wata. Sannan ka duba fuskar farantin a rana. Ina tuna wasu zane-zane a wurin tun ina yaro, a lokacin da Baba ke barina in riƙe ta. Idan sunan mai ƙirar ne, to abin da ke saman rufinka ya fi duk abin da ke cikin gidan.

Da za ka ga mutanen da ke zuwa shagonmu ran Asabar. Akwai wani tsohon likitan haƙori da ke sa farar safar hannu kafin ya taɓa ƙotar bindiga. Makon jiya shi da wani sun yi awa guda suna musu a kan tsagar kan noti ɗaya, har likitan ya fita bai yi sallama ba. Ni ma ciwon ya kama ni, ina da guda shida a bango.

Kada ka goge komai. Ka ji ni? Komai.

Zuwa makoki kam ban sani ba tukuna. Amma na yi maka alkawari Mai Tari za ta yi magana ranar 14 ga Fabrairu.

Célestin

Baham, 20 ga Yuli, 1997

Yaya Célestin,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarka ta iso ran 27 ga Yuni. Na ja layi a ƙarƙashin alkawarinka na nuna wa Odile, ranar na ci abinci sosai. Ƙafarta da sauƙi. Ruwa ya yi yawa bana, hanyar Bafoussam ta lalace a wuri biyu.

Don Allah ka daina kirana Baba a wasiƙa. A gaban dattawa ba yadda za mu yi, amma a takarda ba kowa sai mu.

Sista Perpétue ta cocinmu za ta tafi Namur, can kusa da ku, ran 24, ita za ta kawo maka ƙunshin. Na naɗe shi a tsohuwar rigar Baba. Ga abin da na gani, kamar yadda na rubuta a littafina:

Haruffan uku suna nan a gindin bututu, cikin ƙwan.

Ƙarafan ciki, har da sifirin da ya karye, kowanne yana da yanka uku a jere. Na ƙirga su da safe, na sake ƙirgawa da rana. Uku ne.

Noti ɗaya ya bambanta da sauran, shi ne wanda ke riƙe da kunama daga waje. Kansa zagaye ne, fari, da 'yan haƙora a gefe. Ba shi da yanka. Ban san dalili ba.

Fuskar farantin kuwa akwai wasu layuka kamar haruffa, amma dattin ya yi yawa, ban iya karantawa ba. Ka ce kada in goge, kuma ban goge ba. Wankewa kawai na yi. Na ga ba daidai ba ne kayan gidanmu ya shiga hannun Turawa da baƙin maiƙo da toka na shekara da shekaru, su ce haka muke riƙon abin kakanni. Na jiƙa shi a ruwan lemun tsami da toka, na ɗan bi shi da soson tukunyar Odile a hankali. Ya yi haske ƙwarai. Layukan ba su fito ba, ina ganin tsatsa ce dama.

Tamo ya ce in gaishe ka. Ya ce idan Turawa suka kasa, a dawo masa da shi ya gwada na uku.

Ƙanenka,
Barnabé

Liège, 17 ga Agusta, 1997

Barnabé,

Muna lafiya. Ƙunshi ya iso.

Na buɗe shi a gaban tsoho Warnotte. Ya sa tabarau, ya juya farantin sau biyu, ya ajiye, ya ce mini, "Wa ya yi wannan? Mai wankin kwanoni?" Na ce ƙanena ne. Ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri," kamar an yi mini mutuwa.

Soson tukunya! Na ce kada ka goge, kai kuma ka zauna da littafinka kana raba goge da wanke kamar lauya. Abin da ka kira datti shi ne shekara ɗari da talatin. Layukan da ka ce tsatsa ce suna ne. Da madubin ƙara girma na samu ƙafar harafi ɗaya da rabin wani, sauran sun bi ruwan lemun tsami zuwa bayan kicin ɗin Odile. Da sunan nan zan iya zuwa ƙauyen mutumin, in ga ƙofar maƙerarsa, in san shekarar da kakanmu ya same ta. Yanzu ba wanda zai sani har abada.

Wannan shi ne riƙon da aka zaɓa. Ni da na san darajar abin aka ce na yi nisa. Kai da ke kusa aka ba ka, ga shi ka yi masa wankan jariri.

Yanka ukun suna nan, aƙalla ƙirgarka daidai ce. Shi kuwa farin notin nan da ka ce ba ka san dalilinsa ba, ba wani dalili. Notin keken ɗinki ne. Wani ɗan ƙauye ya cusa shi da ƙarfi har ya ci haƙoran ramin. Na cire shi na jefa a kwandon tarkace, na samo na zamaninsa a durowar maigida, na gyara ramin. Yanzu kunamar ta koma yadda mai ƙirar ya bar ta.

Sifirin zai ɗauki lokaci. Kada ka dame ni da wasiƙu.

Célestin

Baham, 9 ga Satumba, 1997

Yaya,

Ina gaisuwa. Kowa lafiya.

Na karanta wasiƙarka sau huɗu. Ka yi gaskiya. Na koma littafina na ranar, na ga na rubuta da hannuna: "Ya ce kada a goge. Wankewa fa?" Har alamar tambaya na sa. Ke nan na yi shakka, amma na ci gaba. Ka yafe mini. Ban gaya wa kowa ba, ko Odile, don kada ta ɗauka laifin sosonta ne.

Ba zan dame ka ba.

Barnabé

Baham, 30 ga Nuwamba, 1997

Yaya Célestin,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata shirun lafiya ne. Mun fara tsinkar kofi. Odile ta warke sarai.

Na ce ba zan dame ka ba, na kuma cika wata biyu da mako uku. Saura kwana saba'in da shida. An share filin, an yi maganar awaki da ayabar dafa kondre, abincin biki, ƙungiyoyin rawa huɗu sun amsa. 'Yan bindigar unguwa sun zo su goma sha ɗaya suna tambaya ko Mai Tari tana nan da tarinta. Na ce tana nan. Tamo ya kalle ni.

Kowace safiya ina ganin ramin da ke jikin ƙotar inda gidan kunamar yake zama. Na rufe shi da tsumma. Idan fushi kake yi, ka yi da ni bayan Fabrairu. Layi ɗaya ya isa.

Ƙanenka,
Barnabé

Liège, 14 ga Disamba, 1997

Barnabé,

Lafiya lau, aiki ne ya yi yawa. Ga gidan kunama nan a hannun wani ɗan Bafoussam mai sayo tsofaffin motoci, zai kawo maka har gida. Na gwada shi sau talatin, bai ƙi ba ko sau ɗaya. Na sa ƙanƙara shida masu kyau. Ɗigon mai ɗaya a kan sifirin, kada ka ƙara. Kada kuma ka kwance shi, ba abin da za ka gyara a ciki.

Ba zan samu zuwa ba. Ka gaishe da Gwaggo.

C.

Baham, 11 ga Janairu, 1998

Yaya Célestin,

Barka da sabuwar shekara, Allah ya maimaita mana. Muna lafiya. Ƙunshi ya iso ran 5. Na gode da wahala.

Zan faɗi abin da ya faru bi da bi, don idan na yi kuskure ka nuna mini inda yake.

Da na buɗe na ga ya yi duhu, launin ƙasa-ƙasa mai kyau. Na ce lallai Yaya gwani ne, ya mayar masa da tsufansa. Na sa shi a ramin ƙota, bai zauna ba. Ta baya ya fi ramin tsawo da kamar kaurin farce. Dogon notin da ke ratsa ƙota ya kama, amma sai da na karkata shi. Na ce wataƙila itacen ne ya motsa saboda rani. Na ɗana, na saki. Wuta ta tashi sosai, har Odile ta yi guɗa.

Kwana biyu ina cewa in bar shi haka. A na uku na kwance. Na san ka hana.

Yaya, yankan biyu ne da ɗigo. A kan kowane ƙarfe, biyu da ɗigo. Na ɗauko littafina na Yuli, uku na rubuta. Na ce ko idona ne a lokacin, ka san ni. Sai na ɗauko wasiƙarka ta Agusta, inda ka ce da hannunka yanka ukun suna nan, ƙirgata daidai ce. Ita ce kaɗai magana mai daɗi a wasiƙar, shi ya sa na riƙe ta.

Wataƙila an yi musanya a shago, kayan wani ya shiga ƙunshina. Wurin da ke da durowa arba'in hakan na iya faruwa. Idan haka ne, akwai sauran lokaci. Sista Perpétue za ta dawo ran 6 ga Fabrairu. Ka ba ta namu, ni kuma in mayar da wannan ga mai shi.

Idan ba haka ba ne, ka gaya mini.

Ƙanenka,
Barnabé

Liège, 25 ga Janairu, 1998

Baba Magaji,

Muna lafiya. Ba musanya aka yi ba.

Ka ɗauko wasiƙata ta Yuni, tunda kana ajiye komai, ka karanta layin da ka ja wa layi. Na ce Mai Tari za ta yi magana. Ban ce zan dawo da abin da ka aiko ba. Kai ne gwanin raba kalma da kalma, to ga taka.

Wanda ke hannunka ba na banza ba ne. Daga bangona na cire shi, daga mafi kyawun shidan. Garinsu ɗaya, zamaninsu ɗaya, kuma ya fi namu lafiya. Namu wuyan kunamarsa yana da tsaga siririya, da madubi ake ganinta. Sabon sifirin mai ƙarfi zai iya fille ta a harbi na farko. Ka ɗan ci itacen ta baya da wuƙa, zai zauna daram. Ba wanda zai sani. Mutanen filin, ƙara suke so da hayaƙi, sun sha bammi tun safe, wa zai ƙirga yanka?

Wannan ita ce hujjar mai gyara, kuma gaskiya ce. Ga ta ɗan Deffo.

An ba ka kujera. An ba ka gonar kofi, da gidan, da ɗakin da ƙoƙunan kan kakanni suke. An ba ka sunansa, har ni sai na ce maka Baba. Ni me aka ba ni? Ranar da zan taho ina shekara ashirin da uku ya raka ni tasha, bai ce in dawo ba, bai ce kada in dawo ba. Wasiƙa tara na rubuta masa a shekarar farko. Kai kake karanta masa, kai kake rubuta amsa, layi huɗu-huɗu. Har yau ban san nawa ne nasa a ciki ba.

Na gyara gidan kunamar da hannuna. Na cire abin da ba nasa ba, na mayar da shi daidai. Yana cikin akwatin gilashi a kan rigar da ka naɗo shi. Shi kaɗai ne abin ubana da nake da shi, kuma a nan ba mai bin sa da soso. Ba zan ba Sista ba.

Ka harba lafiya.

Célestin Deffo

Baham, 16 ga Fabrairu, 1998

Yaya Célestin,

Gaisuwa. Ina fata kuna lafiya. Odile ce ke rubuta wannan ina faɗa mata, hannuna na dama yana naɗe. Ba wani abu ba ne babba. An yi makoki, an gama, baƙi sun fara tafiya.

Wasiƙarka ta iso ran 9. Na yi yadda ka ce, sai dai ban ci itacen ba, na dai matse shi ya zauna. Na yi niyyar in harba in yi shiru. Ina so ka san wannan, kada ka ɗauka na fi ka gaskiya.

Ranar Alhamis Gwaggo Djuidje ta iso. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce, "Barnabé, miƙo mini tsohuwar nan in gaishe ta." Na ce, "Gwaggo, ki huta tukuna." Ta ce, "Kai, don an ɗora ka a kujera kake ba ni umarni? Ni na wanke maka gindi. Miƙo."

Na ɗora mata a cinya. Ta shafa bututun, ta shafa ƙota, tana cewa, "Kin rame, 'yar banza." Sai babban yatsanta ya je kan kunama ya tsaya. Ya zagaya. Ya sake zagayawa.

Ta ce, "Ina notina?"

Na ce wane noti.

Ta ce, "Notin kekena! Shekarar da sojoji ke ƙona gidaje, yayana ya binne bindigar nan a fadamar tukurwa wata bakwai. Da ya tono ta notin ya ruɓe. Ba maƙeri a gari, duk sun gudu. Ya shigo ɗakina ya kwance na keken ɗinkina, sabo fil, na aurena, ko tambaya bai yi ba. Yini guda yana murɗa shi da wuƙar kicin har tafinsa ya fashe. Shekara talatin da bakwai ina ce masa ya biya ni, yana cewa in zo in cire idan na isa. Ina yake?"

Yaya, ban san wannan labarin ba. Na tabbata kai ma ba ka sani ba, kana da shekara bakwai a lokacin. Na gaya mata komai, har da soson. Ta ce, "Ɗaya ya wanke, ɗaya ya zubar. Yayana ya yi dacen 'ya'ya." Ta ture bindigar daga cinyarta. Ba ta ce in yi kaza ko kada in yi kaza ba.

Ranar Juma'a na kwance naka na naɗe.

Ranar Asabar na fita fili da Mai Tari da raminta a buɗe. Mutane sun fi ɗari biyar. Tamo ya ɗura mata, ya riƙe mini gaban bututun a kan reshe mai baki biyu. Na zuba ɗan albarushi a bakin ƙaramar kafar da wuta ke shiga, na ɗauko garwashi daga murhun mata da awartaki. Kafin in kai hannu an fara. Wani daga 'yan bindiga ya ce, "Magaji zai gasa masara ne?" Wani ya ce, "A kawo masa fifita!" Aka yi dariya har cikin matan da ke rawa. Tsoho Kouam, babban dattijon unguwa, ya ɗaga sanda aka yi tsit. Ya ce, "Deffo," da sunan Baba ya kira ni, "ina kunamar bindigar gidanku?"

Na ce, "Tana wurin ɗansa."

Ya sauke sandarsa. Yadda kowa ya fassara wannan ban sani ba. Wasu sun gyaɗa kai, wasu sun taɓe baki.

Na sa garwashin. Ta yi tarinta, ta yi jim kamar yadda ta saba, sannan ta yi magana. An ji ta har kasuwa. Wutar da ta fito ta gefe ce ta ci mini yatsu uku da bayan hannu. Sauran bindigogi suka amsa, aka ci gaba da biki. Tun jiya yara ke kirana Baba Garwashi, kuma na san sunan ya zauna ke nan.

Ka yi tambaya a kan wasiƙun Baba. Layi huɗun duk nasa ne. Nakan ce ya ƙara, sai ya ce ka san sauran. Da na ƙara da kaina, wataƙila da ya fi. Na yi tunanin haka a lokacin ma, ban yi ba.

Zan mayar maka da gidan kunamarka da ƙanƙara shida, duk suna nan. Namu kuwa ka riƙe. Ba na neman sa, kuma ba zan sake tayar da maganar ba. Abu ɗaya ne kawai. Ka ce shi kaɗai ne abin ubanka da kake da shi. Farantin na wani Bature ne da na goge sunansa. Kunamar tasa ce, yanka ukun nasa ne. A cikin ƙarfen nan duka, abin da Baba ya sa da hannunsa guda ɗaya ne, kuma ka gaya mini tun watan Agusta inda ka jefa shi. Ban san ko sau nawa ake kwashe kwandon shagonku ba.

Gwaggo ta ce keken yana nan a ɗakin ajiya na gidan nan, da sauran notuna a jikinsa. Ta ce in cire ɗaya in aika maka. Ta ce, "Ka gaya masa ba wancan ba ne. Amma na ji an ce aikinsa ke nan, sa sabon abu ya yi kamar tsoho."

Na faɗi saƙonta kamar yadda ta faɗa.

Barnabé Noumsi Deffo

Gobe, Talata, 17:

Asibiti, a canza bandeji.
Mayar da bencinan coci. Sittin aka aro, hamsin da takwas na gani.
Tukwanen matan unguwa.
Motar Gwaggo zuwa Nkongsamba, kujerar gaba.
Neman mai tafiya Belgium, saboda ƙunshin.
Sabon tsumma a ramin ƙota, a mayar da Mai Tari saman rufi.
Keken ɗinki. Tamo ya zo da sukudireba. Aikawa ko rashin aikawa, ban yanke ba.